Lissafin da Na Jingina wa Kawu

Makon jiya aka kwashe rairayin zauren gidanmu aka malale shi da siminti. ’Ya’yana ne suka sa aka yi, kuma da kyakkyawar niyya, wai rairayi na tara ƙuma, wai abin kunya ne a shimfiɗa wa baƙo tabarma a kan ƙasa. Ban hana su ba. Na zauna a dakalin waje ina kallo ana loda shi a baro ana juyewa bayan gida kamar shara, babura na ta wucewa suna toshe mini kunne, masu canji can bakin hanya na ta kiran sefa, sefa, kai ka ce sunan wani ɗansu ne da ya ɓata. Babban ɗana ya ga na yi shiru, ya zaci kewar tsohon abu ce irin ta tsofaffi, ya ce in yi haƙuri, zamani ne. Na gyaɗa masa kai kawai. Akwai kewa, ban musa ba, amma kunya ta fi yawa. A kan rairayin nan na yi abin da na fi jin kunyarsa a duk rayuwata, kuma na kai waɗannan shekaru ban taɓa buɗe baki na gaya wa kowa ba.

Illelar da na tashi a cikinta ba wannan ba ce. Abin da ke tada mutum da safe shi ne lugude, mata uku a turmi ɗaya, sai kukan jakuna, sai ƙarar guga tana dukan bakin rijiya. Ladan na kiran salla da maƙogwaron da Allah ya ba shi, kuma ana jinsa har gonaki. Raƙuma na sauke gishiri da kanwa daga arewa, fatake na wucewa kudu, ƙauri da warin taki na haɗuwa a bakin kasuwa. Turawa ba su daɗe da zuwa ba. Mun dai wayi gari an ce an raba ƙasa, nan ta Ingilishi, can Ƙonni ta Faransa, aka kakkafa wasu turaka a daji, mutum gidansa na nan, gonarsa da surukansa na can. Tsofaffi suka yi ta dariya suna cewa bari mu ga wanda zai gaya wa akuya ta tsaya a iyaka. Babu agogo a hannun kowa, babu kalanda mai hoto a bango, babu rediyon da zai ce maka gobe za a yi ruwa, sannan in ba a yi ba ya sa maka kiɗa. Yanzu yaro ɗan shekara goma zai gaya maka ƙarfe nawa, amma ka tambaye shi wane tauraro ake ciki, sai ya kalle ka kamar ka yi masa Larabci. A da wanda ke son sanin lokaci zaurenmu yake zuwa, wurin kawuna.

Kawu yayan mahaifiyata ne, a hannunsa na girma tun da mahaifina ya rasu a hanyar fatauci. Gajeren mutum ne, marar yawan magana, kullum yatsansa na dama fari fat da ƙura. Ba limami ba ne, ba ya kuma ba da laya. Abin da ya sani shi ne hisabi, wato lissafin wata da taurari, kuma a duk yankin nan, daga Araba har Amarawa, babu wanda ake amincewa da bakinsa kamarsa. Taurarin shekara ashirin da takwas ne, kusan kowanne kwana sha uku yake yi ya ba na bayansa wuri. Bakwai daga ciki na damina ne, na farkonsu ana ce masa Haƙ’a. Ruwan da ya sauka kafin Haƙ’a ta shiga mayaudari ne, yakan jiƙa ƙasa ya tsirar da iri sannan ya ɗauke ƙafa. Saboda haka da an yi ruwan farko manoma ba gona suke nufa ba, zaurenmu suke fara zuwa su ji ko lokaci ya yi. Kawu yakan ce, “Wata na salla na, tauraro na tuwo na.” Ba shi da garke, ba shi da doki, gonarsa ’yar kaɗan ce. Dukiyarsa ɗaya ce tak, cewa bai taɓa ce wa mutane su shuka iri ya ƙone ba.

Aikina kullum da safe shi ne rairayin zaure. In share shi, in tankaɗe shi da rariya in fitar da kashin awaki da tsakuwa, in yayyafa masa ruwa kaɗan don ya riƙe rubutu, sannan in shafe shi da tafin hannu har ya yi sumul. Takarda tsada gare ta, allo kuma na karatun Alƙur’ani ne, ba a ɓata shi da lissafi. A kan rairayin nan Kawu ya koya mini ƙidaya, ya koya mini tarawa da ɗebewa, har muka kai ga abin da yake kira jabru da muƙabala, wato lissafin gano adadin da ba a sani ba daga wanda aka sani. Ni dai ƙwaƙwalwa Allah ya ba ni, kuma na san ya ba ni, to ka ji inda matsalar take. Abin da zai ɗauki wani wata guda, ni a kwana uku na haddace. Kawu yakan dube ni ya ce, “Kai dai gudu gare ka. Wanda ag gaba ba kullum shi ka isa ba.” Ni kuwa sai in ɗauka yabo ne.

Akwai wata takarda da ya gada wurin mahaifinsa, ta yi ja don tsufa, yana ajiye ta a gafaka. A cikinta aka rubuta ƙa’idar da ake gano ranar shigar tauraro. Dalilin ƙa’idar mai sauƙi ne. Shekarar wata ta gaza shekarar taurari da kwana sha ɗaya, don haka ranar watan da Haƙ’a ta shiga bara ba ita ce ranar da za ta shiga bana ba. Amma wanda ya rubuta takardar ya rubuta ta ne don mai komawa baya yana neman shekarun da suka wuce. Abin da ta ce shi ne, ranar shigar tauraro a bara daidai take da ranarsa ta bana idan an ɗebe kwana sha ɗaya. Mu kuwa ranar bara muka sani, ta bana muke nema, dole sai an juya ƙa’idar. Ranar da ya koya mini juyawar, ya ja zane ɗaya a tsakiyar rairayi, ya rubuta bara a gefe guda, a ɗaya gefen ya rubuta bana da sha ɗayan da ake ɗebe mata.

“Zamna da kyau ka diba,” ya ce. “Wanga gehe da wancan mangala ta bisa jaki. In guda ya hi guda nauyi, kaya sun hwaɗi. Mi muka biɗa?”

Na ce, “Bana.”

“To bana muka so ta tsaya ita ɗai, ba kowa kusa da ita. Sha ɗayan ga sai shi tashi shi koma wajen bara. Amma ka ji ni da kunnen basira. Duk abin da yaƙ ƙetare zanen ga sai ya sake riga. In ɗebewa shika yi can, nan ƙari za shi yi. In ƙari shika yi, ɗebewa za shi yi.”

Na ce, “Kawu, mi yas sa ba su rubuta ta miƙe ba tun hwarko, mu huta?”

Ya ce, “Malaman da ba su tauna ma mutum tuwo.”

Na yi dariya, na juya ƙa’idar a gabansa sau uku ba kuskure, ya shafe rairayin ya tashi. A raina na ce wannan ai wasan yara ne.

Sai aka yi shekarar yunwa. Ba zan tsaya bayaninta ba, wanda ya gan ta ba ya son tunawa, wanda bai gani ba ko an faɗa masa ba zai gane ba. Ruwa ya ɗauke tun hatsi bai yi kai ba. Mutane suka ci dusa, suka ci anza, ’ya’yan itacen nan masu ɗaci da sai an jiƙa su kwana da kwanaki kafin su ciwu. Lugude ya ɗauke a gari, safiya ta zama shiru. Wanda ya fito daga wannan shekara da irin shuka a hannunsa jarumi ne, don sai da ya toshe kunnensa daga kukan ’ya’yansa kafin ya tsirar da shi. Cikin irin waɗannan jarumai akwai wani dattijo manomi daga Araba, abokin Kawu tun ƙuruciya, mu dai Baba muke ce masa. Dami ɗaya na gero ya rataye a tsakiyar ɗakinsa, ya kwana ƙarƙashinsa rani guda da sanda a hannu. Matarsa ta yi wata biyu ba ta yi masa magana ba saboda damin nan. Duk wanda ya san Baba ya san labarin, ana ba da shi ana jinjina masa.

Da bazara ta kama, aka aiko wa Kawu cewa wata ƙanwarsa, ba mahaifiyata ba, ta rasu a wani ƙauye gaba da Ƙonni. Ya hau jaki ya tafi gaisuwa, da niyyar kwana bakwai. Can kurkunu ya fito masa a ƙafa, ya kwantar da shi, bakwai ta zama ashirin da wani abu. Kada wani ya nema mini uzuri da ƙuruciya. Lokacin na kai shekara ashirin, gemu ya fara fitowa, an yi mini aure wata huɗu da suka wuce. Ni ke zaune a buzun Kawu a zaure, ina gyara murya idan an yi sallama, ina jin kaina kamar an naɗa ni.

Ana saura kwana biyar watan da Rajab ke bi ya mutu, da la’asar gabas ta haɗe, aka sheƙa ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ƙasa ta sha har ta ƙoshi, ƙamshinta ya cika gari, yara suka fita tsirara suna tsalle. Mutanen da suka shekara suna kallon sama ba ka iya gaya musu su kwantar da hankali. Washegari da hantsi zauren ya cika, wasu ma a waje suka tsaya, kowa da sungumi a kafaɗa. Baba ne a gaba.

“Ɗan Malam, an kwana lahiya? Malam bai dawo ba?”

Na ce, “Bai dawo ba, Baba.”

“To mi ak akwai game da ruwan ga? Mu shibka ko mu dakata?”

Amsar gaskiya a bakina take, in ce ku dakata a aika a tambayo shi, tafiyar yini ɗaya ce. Amma mutum arba’in na kallona, kuma na san amaryata na bayan zana tana jin komai. Na shafe rairayi, na ja zane, na rubuta bara, na rubuta bana da sha ɗayanta. Bara Haƙ’a ta shiga ran shida ga Rajab, watan azumin tsofaffi, wannan na tuna sarai. Na ɗauko sha ɗaya na ƙetarar da shi wajen bara, ina sauri don a ga gwanintata, na bar shi da ɗebewarsa yadda yake. Shida ga Rajab a ɗebe sha ɗaya, sai lissafi ya koma baya ya faɗa cikin watan da muke ciki, saura kwana biyar ya mutu. Wato jiya ke nan, ranar da aka yi ruwan. Murna ta kama ni. Da amsar ta fito a karkace da na sake dubawa, amma ta zo daidai da abin da kowa ke so ya ji. Ga kuma wani abu da ya ƙara rufe mini ido. Kowane Musulmi ya san azumi kullum matsowa yake yi, bana ya riga na bara zuwa da kwana sha ɗaya. Sai zuciyata ta ce ai haka komai yake, tauraro ma matsowa zai yi. Na manta cewa in wata ne ke gudu, to tauraro baya ake barinsa.

Na ɗaga kai na ce, “Haƙ’a ta shiga jiya. Ruwan ga na damana na.”

Zaure ya ɗauki hamdala. Baba kaɗai bai motsa ba. Ya sosa gemu ya ce, “Ɗana, gawon gonata hwa bai kaɗe ganye ba. Tun ina yaro ban taɓa shibka ba gawo na da ganye.”

Na ce, “Baba, gawo icce na, bai yi karatu ba.”

Aka yi dariya, har yau ina jin dariyar nan a kunnena, kuma a lokacin daɗinta na ji. Baba bai yi fushi ba. Ya dube ni ya yi tambayar da ta rage masa.

“Kai kac ce, ko Malam yac ce?”

Na san in na ce ni ne, rabinsu za su ajiye sungumi su jira. Na ce, “Malam yac ce. Shi yab bar mani lissahin kahin shi tahi, ni dai karanta maku nika yi.”

“To in raba irin biyu, in shibka rabi in aje rabi?”

Na ce, “Wanda yar raba iri ya raba rumbu, Baba. Malam bai ce a raba ba.”

Baba ya ce, “In Malam yac ce, magana ta ƙare.” Ya saɓa sunguminsa ya fita, sauran suka bi shi.

Kwana uku ana shuka. Maza na gaba suna sara, mata da yara na baya suna jefa iri suna rufewa da diddige, ana waƙa, mutanen da ƙafafunsu suka zama kamar kara saboda yunwa. Baba ya sauke daminsa, matarsa da kanta ta sussuka shi. A kwana na biyar gonaki suka yi kore shar. Ina tafiya a gari ana gaishe ni da Malam ƙarami, wata tsohuwa har ƙwai biyu ta aiko mini. Daga nan sama ta washe. Rana ta fito irin ta bazara, mai ƙona tafin ƙafa. Kwana bakwai, kwana goma, ko gajimare babu. Tsiron ya fara lanƙwashewa da rana yana miƙewa da safe, daga baya ya daina miƙewa. Ran kwana na sha biyu na shiga zaure ni kaɗai bayan azahar, na sake ja zanen, na bi lissafin a hankali yadda aka koya mini. Shida a ƙara sha ɗaya, sha bakwai ga Rajab. Na sa mutane shuka kwana ashirin da biyu kafin lokaci. Na sa ƙafa na shafe rairayin, na leƙa waje ko wani ya gan ni. Ƙaramin sani ƙunƙumi ne, Hausawa suka ce, ni kuwa nawa ƙunƙumin a wuyan wasu na ɗaura shi.

Kawu ya dawo bayan kwana biyu, ƙafarsa naɗe da tsumma. Tun daga hanya ya ga gonaki, layi-layi na busasshen tsiro, kuma tun kafin ya iso gida an tare shi an gaya masa abin da aka ce ya ce. Bai ko sha ruwa ba. Ya zauna a buzunsa ya ce, “Aza mani lissahin yadda kay yi shi rannan.” Na aza. Bai ɗaga murya ba, bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Ya sa farin yatsansa a kan sha ɗayan ya ce, “Ya ƙetare, bai sake riga ba.” Shi ke nan abin da ya faɗa.

Kafin la’asar zauren ya sake cika, wannan karon ba sungumi a kafaɗar kowa. Baba ya shigo da tsiro guda a hannunsa, busasshe, ya ajiye a gaban Kawu.

“Allah shi gahwarta Malam, ga damin nan nau. Shekara arba’in muna tare ba ka taɓa kai ni ka baro ba. Ɗiyana sun kwana da yunwa suna kallon hatsin ga bisa kansu. Ni na ce a dakata, anka ce kai kac ce. Shi na niz zaka in ji daga bakinka.”

Kawu ya ɗaga kai. Ya juyo ya dube ni. Ba kallon fushi ba ne, kallon wanda ya buɗe maka ƙofa ya tsaya yana jira ka shiga ne. Ya jira har shirun ya yi tsawo, har wani ya yi tari a baya. Kalma uku kawai ake nema daga gare ni, in ce ni na yi. Na sunkuyar da kai ina wasa da bakin tabarma. Na ji tsoron duka, na ji tsoron dariya, na ji tsoron idon amaryata, na ji tsoron a daina ce mini Malam ƙarami. Da Kawu ya ga ba zan yi magana ba, ya mayar da fuskarsa wajen mutane.

Ya ce, “Lissahin daga zauren ga yah hito. Ku yahe mani.”

Ka duba maganar nan da kyau, babu ƙarya a cikinta ko ɗaya. Ko a wannan hali bai yarda ya yi ƙarya ba, ya dai tsaya ya ɗauki kayan da ba shi ya ɗaura ba. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma ni na ja, shi ya jiƙe. Baba ya tashi bai yi sallama ba. A ranar Kawu ya buɗe ɗan rumbunsa ya raba irin da ya ajiye wa gonarsa, tafi-tafi, bai kai ko’ina ba. Ruwan gaskiya ya sauka kwana ɗaya bayan sha bakwai ga Rajab, ya sami rabin gonakin yankin ba abin da za a zuba musu. Baba ya samo ɗan wake ya shuka a gefe guda, sauran gonar ciyawa ta cinye. Da kaka ’ya’yansa maza biyu suka tafi kudu neman abinci, ɗaya ne ya dawo.

Daga nan magana ta bazu cewa Malam ya tsufa, kansa ya fara rikicewa. Ba a faɗa a gabansa, amma gaisuwa ta ragu, masu tsayawa a ƙofar zaure suka koma ɗaga hannu daga nesa. Ni kuwa ban sake yin kuskure ba, ko sau ɗaya, don tun daga ranar kowane lissafi sau uku nake binsa. Da bazara ta zagayo aka yi ruwan farko, sai ga Baba da mutane. Ya gaida Kawu a tsaye, sannan ya juyo wurina.

“Ɗan Malam, bana kai za ka diba muna. Kai idonka na da ƙarhi. Bara ma da kai anka bar ma aikin da ba mu ga haka ba.”

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na dubi Kawu. Ya matsa gefe ya bar mini tsakiyar rairayin, ya ce, “Diba masu.” Na duba, lissafi ya fito daidai, aka yi damina mai albarka. Sunana ya tashi a kan kafaɗar sunansa da ya faɗi. Sau ɗaya na yi yunƙuri, wata rana muna zaune mu biyu yana gyara alƙalami. Na ce, “Kawu, maganar shekaran nan, ina son in roƙe ka gahwara.” Bai ɗago ba ya ce, “Ni na yahe tun rannan. Amma ba ni za ka gaya ma ba. Ka san hanyar Araba.” Na san ta kuwa, tafiyar hantsi ce. Na ce bari a gama girbi. Aka gama girbi na ce bari a sha ruwa. Kullum da dalilina, kuma kowane dalili mai kyau ne in ka ji shi. Kawu ya yi shekara shida bayan haka, ba wanda ya sake tambayarsa ko yau nawa ga wata. Ranar da ya rasu, a wurin zaman makoki na ji wani na cewa, Allah ya jiƙan Malam, mutumin kirki ne, ba don abin da ya faru ba. Ina zaune kusa da shi ina amsa gaisuwa.

Bayan shekara biyu aka ce Baba na kwance ba lafiya. Na ce to yau kam sai na faɗa, ko me zai faru. Na kama hanyar Araba ina maimaita maganar a bakina har na isa. Na same shi a kan tabarma ya zama ƙashi da fata, ɗan da ya dawo yana yi masa fifita. Ya gane ni, ya kama hannuna ya riƙe da ƙarfin da ban zaci yana da shi ba.

Ya ce, “Madalla da kaz zaka, ɗana, akwai abin da ka damuna. Kawunka ya tahi ban ce mai komi ba. Na riƙe shi a rai shekara da shekaru, saboda yaron nan nau da bai dawo ba. Ban ko tahi jana’iza tai ba. Yanzu ga ni bisa hanya. Kai ne magajinai, ka zama shaida, na yahe mai. Kuskure na ɗan Adam na. Kai dai Allah shi yi ma albarka, kai ka riƙe muna gaskiya tun daga rannan.”

Bakina ya buɗe. Ɗansa na kallona, matarsa na bakin ƙofa. Na ji muryata tana cewa, “Allah shi saka da alheri, Baba.” Na yi masa addu’a, na tashi na sa takalmina na dawo gida. Kwana uku bayan nan ya rasu.

Shekara hamsin da wani abu na yi ina duba wa mutane lokacin shuka, har rediyo ya zo ya karɓe aikin, ana cewa bakina ba ya faɗuwa ƙasa. Duk wanda ke zaurenmu a waccan rana ya riga ni tafiya, babu sauran wanda zan nemi gafararsa ido da ido. Abu ɗaya ne ya rage, shi ya sa na yi wannan dogon zance. Har gobe a ƙauyukan nan, idan mutum ya yi gaggawar shuka irinsa ya ƙone, sai ka ji an ce masa ya bi lissafin Malam. Masu faɗa ba su san wane Malam ba ne, sun dai gaji maganar daga iyayensu. Ni na san shi, shi ya goya ni, kuma bai taɓa ce wa kowa ya shuka iri ya ƙone ba. Don Allah wanda ya ji an faɗa ya gyara musu. Lissafin ba na Malam ba ne, nawa ne.